Hanyar Toka a Kan Ƙanƙara

Lahadi, 22 ga Disamba, bayan asuba

Yau na kai har bakin daji ban tsaya ba. Ni Tuda, da shekaruna kusan hamsin, ni da in akuya ta tsinke sai dai in tsaya in bi ta da zagi. Na dafa itacen al'ul na farko ina haki kamar huhuna zai fito, ina dariya ni kaɗai.

Zan rubuta dalilin sau ɗaya, daga nan ba zan ƙara ba. Likitar birnin Fas ta ce ƙodata ta dace da jikin Assu, ƙanena. Sai kuma ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Lalla Tuda, da wannan jikin da wannan hawan jinin ba zan sa miki wuƙa ba. Ki rage burodi, ki rabu da sukari, ki motsa jiki. Ki dawo ƙarshen sanyin Liyali mu gani." Tafiya ta ce in riƙa yi. Ni kuwa na ga tafiya ba za ta kai ni da wuri ba, na fara gudu.

Da zan wuce ƙofar Lalla Hadda, maƙwabciyarmu, ta leƙo da bokitin wanke-wanke a hannu. "Tuda! Wa ya biyo ki? Faɗa min in ɗauko taɓarya." Na ce mata tumbina ne ya biyo ni, kuma har yanzu bai ƙyale ni ba.

Talata, 24 ga Disamba, la'asar

Assu ya dawo daga wankin ƙoda a Meknas. Talata, Alhamis, Asabar, haka rayuwar gidan nan ta koma. Ya zauna kusa da murhu, idonsa ya faɗa kan takalmana, tsofaffin takalman ƙwallon ɗana ne da ya bari lokacin da ya tafi Kasablanka.

"Yaya, wannan gudun naki, ƙasa nake tausaya wa."

"Ƙasar ba ta kawo ƙara ba."

"Na faɗa miki ba na so. Ki yi ta gudu har Makka, ba za a yanka ki saboda ni ba."

Na miƙa masa ruwansa, ɗan kurɓin da aka yarje masa. Yaron nan ni na goye shi. Ya yi shekaru a Ifran, shi ake sawa a gaba ya ja gwanayen tsere, in sun kusa ƙarshe ya kauce musu su wuce. Ƙafafunsa kamar na barewa a lokacin. Ya san gudu ciki da bai, amma tun da na fara bai taɓa ce min ɗaga ƙafa haka ko sauke ta haka ba. Ya san in ya koya min, ya yarda ke nan.

Laraba, 25 ga Disamba, hantsi

Liyali ta shiga, kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi. Inna ta ce ta ji ta a gwiwarta tun jiya. Dusar ƙanƙara ta sauka da laushi, na yi gudu a cikinta, ƙafa tana nutsewa ba ƙara. Birai sun jeru a kan reshe suna kallona. Ko su ma dariyar suke yi, oho.

Juma'a, 27 ga Disamba, bayan asuba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Jiya da yamma iska ta yi ɗumi, aka yi yayyafi a kan dusar. Kafin gari ya waye sanyi ya dawo ya kama komai a inda yake. Na buɗe ƙofa da takalma a ƙafata, sai na tsaya. Ƙauyen nan duka an zuba masa gilashi. Igiyar shanya, ƙayar shinge, tsintsiyar da Hadda ta manta a waje, kowanne ya sa rigar ƙanƙara daidai jikinsa. Ruwan indararo ya daskare yana cikin zubowa, yana nan a tsaye tsakanin soro da ƙasa. Da rana ta leƙo ta bayan dutse, sai kwarin ya kama da haske har idona ya kawo ruwa. Ba motsi, ba kukan kare. Can cikin daji kawai ake jin rassa suna karyewa, tas, tas, kamar harbi.

A nan aka haife ni, na ga Liyali iri-iri, ban taɓa ganin irin wannan ba. Na ce Subhanallahi ban san sau nawa ba. Tsoro da sha'awa suka haɗu suka cika min ƙirji.

Sai da na gama mamakin na tuna cewa a kan wannan abin zan yi gudu. Na sa ƙafa ɗaya a dokin ƙofa, ta tafi ta bar ni. Na riƙe ƙyaure na koma ciki.

Asabar, 28 ga Disamba, azahar

Ba gudu. Muha, direban ƙauyenmu, ya ɗaure wa motarsa sarƙa a tayoyi ya kai Assu Meknas. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 29 ga Disamba, la'asar

Na gwada gudu a tsakar ɗaki, ina zagaya masaƙata. Inna ta ce in tsaya, jiri nake sa ta. Na koma matakalar soro, hawa da sauka, har gwiwata ta fara magana. Assu yana kwance ya juya wa duniya baya, amma na ga kafaɗarsa tana rawa. Dariya yake yi, ɗan banza.

Na kwashe tokar murhunmu na barbaɗa a ƙofar gida, yadda kowa ke yi don tsofaffi su iya fita alwala. Inda toka ta sauka, ƙafa tana kamawa sarai. Na bi ta ina barbaɗawa ina murna, ban kai ƙofar Hadda ba ta ƙare. Tokar gida ɗaya ke nan.

Litinin, 30 ga Disamba, hantsi

Na faɗi.

Na yi dabarar makiyaya, na zura tsohuwar safar ulu a kan takalma. Ta yi aiki har wajen rijiya. A gangaren masallaci safar ta jiƙe ta daskare, sai na ga sama a inda ƙasa take. Na kwanta a kan ƙanƙarar ban motsa ba, ba don zafi ba. Hannuna ne ya kai kan kwiɓina na hagu da kansa, ya dafe wurin. Ba kaina na tuna ba, ba ƙashina ba. Abin da ke ciki na tuna, kamar mai ɗauke da ajiyar wani.

Hadda ce ta ɗaga ni. Yau ba ta yi tsiya ba. Ta karkaɗe min jallabiya ta ce, "Ke Tuda, in kika karye, wa kika taimaka?" Ƙuguna ya yi shuɗi, amma ba karaya.

Talata, 31 ga Disamba, bayan asuba

Takalmana sun ɓace. Mu uku ne a gidan nan, Inna kuwa ba ta iya sunkuyawa.

Alhamis, 2 ga Janairu, azahar

Dusa ta kwana tana zuba a kan ƙanƙarar. Hanyar Azru, wadda ake bi zuwa Meknas, ta toshe. Muha ya zo har ƙofa, ya cire hula, ya ce ko katafila ba ta iya hawowa ba.

Yau Alhamis.

Alhamis, bayan magariba

Sama ta washe. Taurari sun sauko ƙasa-ƙasa, kusa da hayaƙin gidaje. Na daɗe a bakin taga ina kallo. Kyan ya yi yawa, har ya ba ni haushi.

Juma'a, 3 ga Janairu, hantsi

Na sami wurin gudu, garken tumaki. Ƙasa da ɗumi, ga tattaka ba santsi. Da silifas na shiga. Ina zagayawa, tumakin suka ɗauka abinci zan ba su, suka bi ni a baya rututu. Tsohuwar akuyar Inna ta kama bakin ɗankwalina ta ƙi saki. Na yi gumi dai, gumi na gaske, na fito ina warin taki.

Assu ya daina kwanciya. A zaune yake barci, da matasai uku a baya. Ƙafafunsa sun kumbura, silifas ɗinsa ba sa shiga.

Na dafa miyar sha'ir ba gishiri. Inna ta ja carbi har ya tsinke, muka duƙa ni da Hadda muna tsintar 'ya'yan.

Asabar, 4 ga Janairu, la'asar

Zan rubuta wannan don kada in manta.

Da sassafe maza suka taru a ƙofarmu ba wanda ya kira su. Suka ɗaure wa alfadarin liman tsummokin buhu a kofato, suka naɗe Assu cikin bargo biyu suka aza shi. Wasu a gaba da shebur suna fasa hanya, wasu a gefe sun riƙe shi, Muha yana jan linzami. An ce hanya a buɗe take daga mararraba, can ƙasa, wai motar asibiti za ta jira su a nan.

Na hau soro ina kallonsu suna gangarawa. Duniya fari fat, daga nan har inda ido ya ƙare, su kuma 'yan ɗigo baƙaƙe a tsakiya, suna tafiya a hankali suna salati. Iska tana kawo min muryoyinsu tana ɗaukewa. Ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba, ban kuma taɓa ganin girmansa kamar yau ba. Na yi kuka a soron nan har hawayen suka yi min sanyi a kumatu.

Za su riƙe shi a Meknas kwana uku.

Lahadi, 5 ga Janairu, azahar

Garke. Tumaki sun daina bina, sun gane ba ni da komai.

Na ɗaga katifar Assu zan shanya, ga takalmana a ƙarƙashi. Na mayar da su yadda na same su.

Talata, 7 ga Janairu, bayan magariba

Ya dawo. Katafila ta buɗe hanya. Fuskarsa ta saɓe, ya ci abinci, har ya tsokani Inna. Da na ga ya sami ƙarfin tsokana, sai na ga ya sami ƙarfin jin magana.

Na ce, "Ina takalmana?"

Ya ce, "Kura ta ɗauka."

"Assu, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Yaya. Kin faɗi a gangaren masallaci, an faɗa min. Kina da 'ya'ya, kina da Inna. Ni na yi gudun da zan yi. Ki bar ni in tafi a hankali, ba tare da na ja kowa ba."

Sai raina ya ɓaci, ɓacin da ban san ina da shi ba. Na ce, "Sana'arka ke nan, ai na sani. Ka ja mutane ka ja su, in an kusa ƙarshe ka kauce gefe ka tsaya kana tafa musu. To wannan ba Ifran ba ce. Mutanen da suka fasa ƙanƙara da shebur ranar Asabar, ba don ka kauce suka yi ba. Ni ma ban bar sukari don ka kauce ba. Ka san yadda shayi yake ba sukari? Ruwan wanki!"

Inna ta ce mu ji tsoron Allah, maƙwabta na ji. Ya kalli wuta, ni na shiga ɗaki na rufe ƙofa da ƙarfi har ƙanƙarar indararo ta faɗo.

Alhamis, 9 ga Janairu, la'asar

Ba ma magana. Ya je Meknas, ya dawo.

Juma'a, 10 ga Janairu, hantsi

Na je wurin ma'aikaciyar jinya ta ƙauye ina bin bango. Ta auna ni, ta ɗaure min hannu ta hura. Ta ce jinin ya sauko lokacin da nake fita daji, yanzu kuma ya tsaya, yana ma neman komawa. Na ce ina gudu a garke. Ta ce garken nawa yake? Gaskiyarta, kafin in ɗauki numfashi na kai bango.

Liyali ta kusa rabi. Hanyar daji tana nan tana ƙyalli, ta fi kullum kyau. Da rana takan ɗan narke, da yamma ta sake kamawa ta fi jiya santsi. Na tsaya ina kallonta kamar yadda ake kallon nama a hannun mahauci ranar da ba ka da hali.

Lahadi, 12 ga Janairu, azahar

Gobe daren Yennayar, sabuwar shekararmu ta gargajiya. Mata sun fara shiri, ana murza kuskus, ana neman kayan lambu bakwai ko da busassu ne. Jibi da asuba kowace mace za ta kwashe tokar murhunta kaf, tokar tsohuwar shekara, ta kai juji a bayan gari, sannan ta hura sabuwar wuta. Inna ta ce bana ni zan kwashe tamu. Ba na jin shekara, tsohuwa ko sabuwa.

Litinin, 13 ga Janairu, la'asar

Na fito daga garke ban ga Assu ba. Bargonsa babu, sandar marigayi Baba babu. Inna ta ce ya ce zai sha iska. Iska! Mutumin da hawa matakala ke kayar da shi.

Na fita ina kiran sunansa ina zamewa. Sai ga shi yana tahowa daga can saman ƙauye, yana dogara sanda, yana taku kamar mai tafiya a kan ƙwai. Leɓensa ya yi fari.

"Ina ka je?"

"Gaisuwar shekara."

"Shekarar ce ba za ta shigo ba sai ka gaishe ta?"

Ya wuce ni ya shiga. Wannan ce maganarmu ta farko tun ranar Talata.

Litinin, bayan isha

Mun ci kuskus ɗin Yennayar. Inna ta tasa ni gaba, wai dole in ƙoshi, wanda ya kwana da yunwa a daren nan haka zai ƙare shekara. Tana tura min nama da kabewa, ina turawa gefe. Sai na ji Assu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Inna, ƙyale ta. Likita ta hana."

Na kalle shi. Yana ta cin abincinsa.

Ƙwallon dabinon da ake ɓoyewa a cikin akushi, wanda ya same shi shi ne mai sa'ar shekara, a gefensa ya fito. Ya ciro shi daga baki ya juya shi a tafin hannu.

"Kin yi maguɗi, Yaya."

"Tun kana yaro nake yi, yau ka gane?"

Bara da ya same shi, jefa shi ya yi cikin wuta. Yau ya goge shi da bakin riga ya sa a aljihu. Na ci gaba da cin abincina, kada in tsorata abin ya tashi.

Talata, 14 ga Janairu, hantsi

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na tashi da asuba na kwashe tokarmu a daro. Zan fita, na yi tuntuɓe da wani abu a bakin ƙofa. Takalmana ne, a jere, da ɗuminsu. A gefen murhu suka kwana.

Na buɗe ƙofa.

Daga dokin ƙofarmu wata baƙar hanya ta tashi, faɗinta bai fi tabarma ba. Ta bi ta gaban gidan Hadda, ta wuce rijiya, ta hau gangaren masallaci inda na faɗi, ta ratsa tsakanin gidaje, ta miƙe cikin farin fili har ta shige gindin itatuwan al'ul. Toka ce. Tokar ƙauyen nan duka. Da ɗuminta aka zuba, tana tururi a kan ƙanƙara, hayaƙi siriri yana tashi tun daga nan har bakin daji. Gari bai gama wayewa ba, sai ga 'yan garwashi jajaye a cikinta nan da can, suna kiftawa. Sama shuɗiya, ƙasa fara, ga wannan layin yana numfashi a tsakani.

Mata suna tsaye a ƙofofinsu da darurruka wayam, toka har gira. Har da matan saman ƙauye da ba ma ko gaisawa sosai. Can nesa na hango wasu biyu suna ƙarasa zuba tasu.

Na tsaya da darona a hannu, bakina a buɗe.

Hadda ta ƙwace daron ta juye shi a inda ya yi ƙaranci. Ta ce, "Rufe bakin, ƙuda zai shiga, ko da yake sanyi ya kashe su. Ƙaninki ne ya bi mu gida-gida jiya. A kowace ƙofa sai ya zauna ya huta kafin ya iya magana. Ya ce bana kada a kai toka juji, yayarsa na da aiki da ita. To ga ta nan. In kika bari ta huce a banza, ni da ke ne."

Na waiwaya. Yana zaune a kan kujera a bakin ƙofa, cikin bargo, hula har kunne.

Ya ce, "Me kike kallo? Sa takalmi. Ki gajarta taku, kada ki miƙa ƙafa gaba, ki sauke ta a ƙarƙashinki. Kafaɗa ƙasa. Kada ki kalli ƙafarki, ki kalli inda za ki."

Na fara gudu. Tokar tana kama takalmi, tana ƙara a hankali, ɗuminta yana ratso tafin ƙafata. Mata suka saki guɗa, wannan ta miƙa wa waccan, tana bina gida-gida har na fita daga ƙauye. A cikin fili ba kowa sai ni da numfashina. Rana ta fito ina tsakiya, duk rassan dajin suka kama da wuta fara, na ji kamar an buɗe min wata ƙofa da ban cancanci shiga ba. Ina gudu ina kuka ina cewa Allah, Allah, ba roƙon komai nake ba. Na taɓa itacen farko na juyo.

Na dawo na same shi inda na bar shi, Muha yana ɗumama mota don tafiya Meknas. Na durƙusa ina haki, ina jira in ji abin da zai ce.

Ya ce, "Gudunki kamar na mai ɗauke da tulu. Hannayen nan, sai ka ce kina dambe da iska. Gobe za mu gyara." Ya tashi da ƙyar, ya dafa kafaɗata don ya miƙe, bai ɗauke hannun da wuri ba. "In dai za a ba ni ƙoda, Yaya, ba na son ta raguwa."

Ya shiga mota. Na shiga gida na hura sabuwar wuta, na dafa shayi ba sukari, na zubar da rabi a ƙasa.

Laraba, 15 ga Janairu, bayan asuba

Yennayar ta wuce jiya. Na buɗe ƙofa, an sake zuba toka.